Labaran "wai" na Kano: me za mu karanta, wa zai rubuta namu?

Malam Auwalu:
Assalamu alaikum. Tun daren da Nazifi ya ba mu labarin matar da ta tsare ɗan sahu a wajen maƙabartar Ɗandolo, mutum huɗu sun bi ni ta waya suna tambaya ko akwai littafin da ya yi magana a kan irin waɗannan labarai. Na ga gara a yi maganar a nan cikin jama'a, wanda ya san abin da ban sani ba ya ƙara.

Abin da muke magana a kai ba tatsuniya ba ne. Mai tatsuniya da dare yake yi, ya buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", ya rufe da "ƙurunƙus", yaro ma ya san Gizo bai taɓa zama a unguwarsu ba. Waɗannan kuwa da rana tsaka ake ba da su, a majalisa ko a teburin mai shayi, kuma mai bayarwa ya yarda abin ya faru. Kullum ga wani ya faru wanda saura kaɗan ka san shi: abokin yayan wane, maƙwabcin goggon wance. In ka bi sawu, kowa sai ya tura ka gaba.

Littafin da ya fi shahara a fannin shi ne The Vanishing Hitchhiker na Jan Harold Brunvand, malamin jami'a a jihar Utah ta Amurka, wanda ya fito a 1981. Daga labari ɗaya ya samo sunansa: direba ya rage wa wata budurwa hanya da dare, ta kwatanta masa gidansu, kafin su isa ya waiga babu kowa a kujerar baya. Ya je gidan ya yi sallama, aka ce masa ai ta daɗe da rasuwa, a kan wannan titin ma. Brunvand ya tara ire-iren labarin daga garuruwa da yawa, ya nuna ya girmi mota, tun zamanin keken doki ake ba da shi.

Nazifi Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Har a Amurka? To amma namu ya bambanta. Tamu ba ɓacewa take yi ba. In an zo wurin sauka, direba ya juyo zai karɓi kuɗi, sai hasken fitila ya faɗa kan ƙafarta, ya ga kofato. Ya ja mashin da gudu, ya tarar da wani mutum zaune a bakin titi, ya tsaya yana haki yana ba shi labari. Sai mutumin ya ɗage rigarsa ya ce, "Irin wannan?"

Ni ban ce na gani ba. Wanda ya koya min tuƙi ne ya ba ni, shi kuma ya ce abokin ƙaninsa ne abin ya samu. Kuma lokacin da na fara ji, ɗan acaɓa ne a labarin, ba ɗan sahu ba.

Hauwa'u:
Yaya Nazifi, wannan jimlar taka ta ƙarshe ta fi min komai. A watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano. Ka ga ke nan labarin bai mutu da sana'ar ba, sauka ya yi daga babur ya hau sahu. Da an sami wanda ya rubuta shi a 2005, wani ya rubuta a 2015, da yanzu muna da hujja a hannu maimakon tuni.

Malam, ina da tambaya a kan suna. A aji an koya mana tatsuniya, almara, hikaya, ƙissa, tarihi da tarihihi. Tarihihi ne ya fi kusa, tunda shi ma ana ba da shi ne a matsayin gaskiya, kamar Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, ko Barbushe da Tsumburbura a kan Dala. Sai dai tarihihi na can baya ne, yana bayanin asalin gari ko sarauta. Wannan kuwa "makon jiya" ya faru. Da wane suna za mu kira shi?

Alhaji Baba na Kurmi:
'Yata, mu ƙanzon kurege muke cewa, ko shaci-faɗi.

Hauwa'u:
Haka ne Baba, amma da zarar ka ce ƙanzon kurege ka riga ka yanke hukunci cewa ƙarya ne. Wanda zai ba ka labarin in ya ji haka sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ustaz Kabiru:
Salamu alaikum. Sunan yana bakinku, ba ku lura ba. Duk labarin nan da kalma ɗaya yake farawa: wai. Akwai hadisi a Abu Dawuda da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zargi mutum ya mayar da "za'amu" abin hawansa, ma'anarta kuwa ita ce "wai" ɗin nan tamu. Ku kira su labaran wai.

Amma ina da ja a kan abin da na hango kuna shirin yi. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. In muka zauna muna tara waɗannan labarai muna rubutawa, ba mu zama masu yaɗa su ba? Na biyu, aljanu gaskiya ne, da sura guda a Alƙur'ani da sunansu. Ina tsoron a fara da littafin Bature a ƙare da yi wa gaibu dariya.

Malam Auwalu:
Allah ya gafarta Malam, suna dai mun karɓa, labaran wai ya zauna daram.

A kan ja na biyu, babu mai musun samuwar aljanu a cikinmu. Amma imani da samuwarsu daban, yarda cewa ranar kaza a titi kaza wata mai kofato ta hau sahun abokin ƙanin wane daban. Na farko nassi ne ya zo da shi. Na biyu labari ne, kuma kai ka fi ni sanin yadda ake yi wa labari: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu? Malaman hadisi sun riga kowa wannan aiki da ɗaruruwan shekaru. In ka sa labarin Nazifi a ma'auninsu, a mutum na uku isnadin ya yanke.

A kan na farko kuwa, mai yaɗawa cewa yake "ku yi hattara, abu kaza ya faru". Mai tarawa cewa yake "wane ya ba ni wannan labari ranar kaza, ga irinsa da aka bayar shekara goma da suka wuce a wata unguwa". Duk wanda ya ga iri biyar na labari ɗaya a jere, da wuya ya sake tura shi a waya.

Ustaz Kabiru:
Na ji wannan. Kuma ka tuna min da wani abu. Muna yara ana raba wata takarda a ƙofar masallaci, wasiyyar wani Shehu Ahmad mai hidima a masallacin Madina, wai ya yi mafarki da Annabi, wanda ya kwafa ya raba zai sami buɗi, wanda ya ƙi musiba za ta same shi. Shaihu Bin Baz ya rubuta raddi a kanta ya bayyana ƙirƙira ce, amma har yau tana dawowa, yanzu ta WhatsApp. Ya yi raddin ne bayan ya karanta ta, ya kawo abin da ke cikinta. To in da wannan niyya ce, ban hana ba. Sharaɗina ɗaya: duk labarin da aka rubuta a rubuta a kansa cewa labarin wai ne, kada wani ya yanko shi ya tura tsirara.

Hajiya Maman Sadiya:
Sannunku da ƙoƙari. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan maganar ta taɓa ni, sai ku yi haƙuri da tsawo.

Shekara ashirin da wani abu na yi ina aikin lafiya, kuma ina cikin matan da suka riƙa shiga gida gida da ɗigon shan inna. Ku kuna maganar mai kofato, wannan labarin nishaɗi ne, iyakarsa direba ya ƙi ɗaukar mace bayan isha'i. Wanda ni na sha fama da shi ya gurgunta yara. An ce ɗigon yana hana haihuwa, an ce an zuba masa cuta. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano, ba a dawo da shi ba sai watan Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 kuma aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a nan garin, Allah ya ji ƙansu. Sai 2020 aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Abin da nake so matasan nan su gane shi ne, matan da suka rufe min ƙofa ba jahilai ba ne. Wata tsohuwa ta zaunar da ni a tsakar gidanta ta ce, "'Yar nan, jikana ya yi zazzaɓi, mun je asibiti an ce mu sayo magani ba mu da kuɗi. Ga shi kun zo har ɗaki da na kyauta wanda ba mu roƙa ba. Me ya sa?" Wallahi ban sami amsar da ta gamsar da ni kaina ba a ranar. Kuma kowa a garin nan ya san abin da ya faru a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Maganar hana haihuwa ƙarya ce, na faɗa a lokacin kuma ina faɗa yanzu, 'ya'yana duk sun sha kuma ga jikoki nan. Amma ƙaryar a kan tabo ta tsiro. In za ku rubuta labarin, ku rubuta tabon tare da shi. In kuwa za ku tara ne don a yi wa talaka dariya, ni ba na ciki.

Hauwa'u:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Abin da kika faɗa shi ne zuciyar littattafai biyu da nake son ambata, kuma ke kin faɗe shi daga tsakar gida.

Na farko na Elisha Renne ne, The Politics of Polio in Northern Nigeria, 2010. A Zariya ta yi mafi yawan bincikenta, ta zauna da iyaye da ma'aikatan lafiya da waɗanda cutar ta shafa, kuma tambayar tsohuwar nan tana cikin abin da ta yi ta ji.

Na biyu, wanda ni ya fi buɗe min ido, na Luise White ne, Speaking with Vampires, 2000. A gabashi da tsakiyar Afirka zamanin mulkin mallaka, a Kenya da Yuganda da ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, mutane sun yi ta cewa 'yan kwana-kwana da wasu ma'aikatan Turawa suna kama mutane da dare suna zuƙe musu jini. Ita ba ta tsaya a kan ko an yi ko ba a yi ba. Tambayarta ita ce me ya sa wannan labari ya shiga kunnen mutane har ya zauna shekaru. Sai ta nuna yadda yake ɗauke da abin da mutane ke ji game da aikin tilas, da likitocin da ke ɗibar jini ba bayani, da baƙin motoci da kayan aiki. Wato labarin da bai faru ba yana iya zama shaida a kan zamanin da aka ba da shi.

Alhaji Baba na Kurmi:
Ikon Allah. Ai mu ma mun yi namu. Muna yara in an fara ginin gada ko wani babban aiki, sai iyaye su ce kada a yi nisa, 'yan yankan kai sun shigo gari, wai gada ba ta tsayuwa sai an binne kai. Mota in ta tsaya kusa da mu sai mu watse. Daga baya aka koma cewa 'yan shan jini, aka koma 'yan mafiya. Ban taɓa tunanin wani zai rubuta wannan a littafi ba.

Tunda ana maganar karatu, kada a tsallake na gida. Shekara arba'in ina sayar da littattafai. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar juzu'i uku ne, an buga tsakanin 1911 da 1913, kuma ba tatsuniya kaɗai ke ciki ba, akwai labarai da tarihi da wasiƙu. Malamai ne suka rubuta da ajami, aka mayar boko. Neil Skinner ya fassara shi zuwa Turanci daga baya. Akwai na Rattray na 1913 wanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar Gana ta yanzu, da na Tremearne a kan camfe-camfe, shi ma 1913, ko da yake shi sai an yi haƙuri da raininsa. Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji yana nan ga mai son labaran garin nan. Wanda yake son sanin wa ya rubuta me, ya nemi Hausa a Rubuce na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, 1988.

Malam Auwalu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Zan ƙara da labarin Baba 'yar Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, ya fito a 1954. Ba littafin labaran wai ba ne, amma ya koya min yadda ake barin mutum ya yi magana da bakinsa ba a gyara masa ba. Da kuma aikin Farfesa Sa'idu Babura Ahmad na 1997, Narrator as Interpreter, inda ya kwatanta yadda tatsuniya ɗaya take sauyawa daga bakin wannan zuwa na wancan. Hanyarsa ce za mu ara.

Ku lura da giɓin. Tatsuniya an tara, tarihihi an tara. Abin da aka faɗa a Kwari da Sabon Gari da tashar Unguwa Uku cikin shekara talatin ɗin nan, a bakin mutane kawai yake, kuma yana tafiya da su.

Sadiq Farm Centre:
Ni nawa duk ta waya suka zo. A 2004, waya ba ta fi shekara uku da shigowa ba, aka ce akwai lambar da in ta kira ka ka ɗauka sai jini ya fito maka ta hanci ka mutu. Ta lafa, ta dawo a 2011, har hukumar sadarwa ta fito ta ƙaryata. Na ga mutum ya kawo waya ya ce a cire masa layin a karya.

Amma wadda ba zan manta ba ita ce ta gishiri. Watan Agustan 2014, wata Juma'a kafin asuba, wayar mahaifiyata ta yi ta ƙara, 'yar'uwarta ce ta kira tana cewa a tashi yara a yi wanka da ruwan zafi da gishiri a kuma sha, maganin Ebola ne. Gidanmu duk mun yi. Kafin hantsi kowa a layinmu ya yi. An ba da rahoton mutane sun mutu a ƙasar nan saboda shan gishirin, da yawa sun kwanta asibiti. Ebola kuwa a Legas da Fatakwal ta tsaya, mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, ba ta zo Kano ba.

Abin da ke damuna har yau: babu wanda ya kira mu don mugunta. Duk wanda ya buga waya a daren nan ƙauna ce ta sa shi. Ta yaya za ka ce wa innarka ba ka yarda ba?

Hajiya Maman Sadiya:
Ɗana, ranar masu hawan jini muka yi ta karɓa. Ba sai ka ce mata ba ka yarda ba. Ka ce, "Inna, wa ya faɗa miki?" Da ladabi. Sau da yawa ita da kanta za ta tsaya.

Nazifi Kurna:
To Anti Hauwa'u, maganar satar mazakuta fa? Wannan na ga taron da idona a bakin wata kasuwa. An kama wani bawan Allah ana duka, wai ya gaisa da wani yaro gabansa ya ɓace. Da 'yan sanda ba su zo ba da an kashe shi.

Hauwa'u:
Ka ga taron, Yaya, amma ka ga ɓacewar?

Nazifi Kurna:
A'a. Duka na gani. Daga baya aka ce an duba a asibiti komai na nan, sai wasu suka ce ai mayarwa ya yi da ya ji wuya.

Hauwa'u:
To haka yake ƙarewa kusan ko'ina. Wani Bafaranshe, Julien Bonhomme, ya rubuta littafi guda a kai a 2009, an fassara shi zuwa Turanci a 2016 da sunan The Sex Thieves. Ya bi jita-jitar tun daga Nijeriya a shekarun 1970 har ƙasashe kusan ashirin na Afirka. Abin da ya lura da shi, kusan kullum a birni ne, a kasuwa ko tasha ko cikin mota, kuma wanda ake zargi baƙo ne da ya gaisa da kai ko ya goge ka. A ƙauye ka san wanda kake miƙa wa hannu. A birni addini da al'ada sun ce ka amsa sallama ka yi musafaha, ga shi ba ka san mutumin ba. Labarin a wannan tsakanin yake rayuwa. Kuma abin da ya kamata ya tsaya mana a rai, a wasu ƙasashen Hausawa baƙi ne aka riƙa nuna wa yatsa. Abin da muke yi wa baƙo a nan, shi ake yi wa ɗan'uwanmu a can.

Ustaz Kabiru:
Inna lillahi. Wannan kam jini ne. "In fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, kada ku cuci wasu mutane cikin jahilci", aya ta 6 a Suratul Hujurat. Zan ɗauki wannan a karatun Asabar in sha Allah.

Malam Auwalu:
To mu koma kan aiki. Ga abin da nake gani, ku gyara. Duk wanda ya ji labarin wai ya rubuta shi yadda aka faɗa, kada ya gyara Hausar. In Bakatsine ne ya bar masa Katsinancinsa, in an sa Turanci a tsakiya a bar shi. A rubuta rana, da unguwa, da inda aka ji, majalisa ce ko gidan biki ko saƙon murya. A tambayi mai bayarwa daga wa ya ji, da yaushe ya fara ji, da ko shi ya yarda. Kada a yi masa musu a lokacin. Kuma iri biyu na labari ɗaya ba maimaici ba ne, su ne ma abin nema.

Sadiq Farm Centre:
Malam, sunaye fa? Rabin labaran garin nan da sunan wani attajiri a ciki, wai ga ɗakin da ba a buɗewa a gidansa, ko wata mai abinci wai ga abin da take zubawa a miya.

Malam Auwalu:
Suna ba zai shiga ba, ko na mutum ko na shago ko na makaranta. "Wani attajiri a unguwa kaza" ma in unguwar za ta tona shi a cire ta. Wannan ƙazafi ne, kuma na san mai sana'ar da irin wannan magana ta kashe wa kasuwa.

Hauwa'u:
Na yarda a kan wanda ake zargi. Amma a kan wanda ya ba da labari ina da ra'ayi daban. Baba ya ce malamai ne suka rubuta littafin Edgar, amma sunan da ke bango na Edgar ne. Ba na so mu maimaita haka. Wanda ya yarda a sa sunansa a sa, wanda bai so ba a rubuta shekarunsa da sana'arsa kawai. Kuma kada a ɗauki muryar kowa a ɓoye.

Wani abu kuma, yawancin ku a majalisa da kasuwa kuke ji. Labaran gidan suna, da na wurin kitso, da na makarantar kwana ta 'yan mata, ba za su zo muku ba. A makarantarmu akwai labarin ƙarar takalmi mai tsini da ake ji a baranda da tsakar dare, sai da na girma na ji 'yan kudu na kiranta Madam Koi Koi. Wannan ɓangaren ni da Hajiya za mu riƙe, in ta amince.

Hajiya Maman Sadiya:
Na amince, 'yata. Ki zo gida ranar Lahadi bayan la'asar, akwai tsofaffin abokan aikina biyu da zan kira.

Alhaji Baba na Kurmi:
A ina za a ajiye? Waya tana faɗawa ruwa. Na ga mutum ya rasa hotunan 'ya'yansa na shekara goma a rana ɗaya. A sami littafi mai bango mai ƙarfi a riƙa kwafewa da hannu, ni zan bayar da shi. In ya cika a kai kwafi cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, a kai wani Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, ko za su karɓa.

Malam Auwalu:
An gode Baba. Littafin ya zauna a wurina, Sadiq ya riƙe na kwamfuta. Littattafan Turancin nan suna da tsada, ni na Brunvand kawai nake da shi, duk mai so ya zo ya ara na mako biyu. Hauwa'u, ki taƙaita mana babi ɗaya na White da Hausa duk wata in karatu ya bar ki.

Nazifi, kai ka jawo maganar, kai za ka buɗe shafin farko.

Nazifi Kurna:
To bismillah. Labari na 1, mai kofato. Na ji shi a Kurna, wajen 2009, daga bakin wanda ya koya min tuƙi, yana da shekara kamar arba'in a lokacin. Ya ce abokin ƙaninsa ne, ɗan acaɓa, a hanyar Ɗandolo. Ya yarda da shi har ransa, bayan sha ɗaya na dare ba ya ɗaukar mace ita kaɗai.

Ɗazu a layin shan mai na tambayi wani dattijo cikin 'yan sahu, ya ce shi a Ƙofar Mazugal ya san labarin, kuma direban tasi ne, tun yana saurayi. A nasa babu mutum na biyu mai ɗage riga. Malam, wannan in sa shi a ƙarƙashin na 1 ne ko in ba shi lamba 2?

Malam Auwalu:
Ƙarƙashin na 1, ka sa masa 1b. Ka koma ka tambaye shi wace shekara ya fara tuƙi, da launin tasin in ya tuna.